Ɗigo na Huɗu

A gidan Mersereau aikin ƙudan fatsa a rabe yake tun suna ango da amarya: Verna ke ɗauri, Alden ke sa gam. Ita za ta matse ƙugiya a bakin ƙarfen da ke riƙe ta, ta naɗa mata zare, ta ɗora gashin zakara da na wutsiyar kurege, ta ja ta ƙulle a kai, har abin ya tashi ƙwaro sosai, irin wanda kifin salmon ke kai wa wawura. Daga nan sai ta tura shi gefen tebur, ko ɗaga ido ba ta yi. Shi kuma ya tsoma bakin allura a kwalba, ya ɗauko ɗigo ɗaya, ya taɓa ƙullin zaren, ya soke ƙudan a jikin soso a bakin taga. In ya bushe ya ƙara na biyu, washegari na uku. Uku ne, ba ragi ba ƙari. Kan ƙudan ya fito baƙi wuluk yana sheƙi, idon ƙugiyar kuwa, inda mai fatsa zai zura zarensa, a buɗe tas.

Duk bakin kogin Miramichi ba wanda bai san hannun Alden ba. Mutum zai buɗe akwatin baƙon da ya zo daga Boston, ya ɗaga ƙuda ɗaya ya ce, “Wannan na gidan Mersereau ne.” Ba gashin ya kalla ba, kan ya kalla. Abin ya daɗe yana ci wa Verna rai, don ita ke yin aikin da ke cinye ido da baya, shi ya yi na ƙiftawar ido ya kwashe yabon. Takan faɗa masa haka gaba da gaba. Shi kuma ya ce, “To sa da kanki mana, tsohuwa, mu sha kallo.” Tun tana da ƙuruciyarta yake ce mata tsohuwa, don neman magana.

Shekara arba’in da ɗoriya ana haka, sai ciwon mantuwa ya shigo gidan. Bai shigo da hayaniya ba. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tuƙa baƙi a kwale-kwale, wanda ya san kowane dutse da kowane gurbin da kifi ke kwanciya, shi ne ya fara tsayawa a tsakiyar magana yana lalubar sunan gurbi. Daga baya ya koma neman karensa da ya mutu tun Corinne, ’yarsu tilo, tana makaranta. Daga baya kuma ya fara kallon cokali kamar yau ya fara ganinsa. Verna ta ɓoye wuƙaƙe, ta ɓoye makullin mota, ta rataya ƙararrawa a ƙofa. Duk wanda ya tambaye ta a coci sai ta ce da sauƙi.

Ba sauƙin komai. A ƙarshen Oktoba, bayan an rufe kamun kifi, wata rana da la’asar barci ya sace ta a kujera, don ta manta rabon da ta yi barcin kirki. Da ta farka ƙofa a buɗe. A kogi ta same shi, ruwa har gwiwa, da silifas a ƙafa, yana neman kwale-kwalen da suka sayar tuntuni. Ruwan nan sanyinsa na shiga ƙashi. Ta shiga ta jawo shi, ya fizge, ta faɗi a kan duwatsu ta bugi ƙugu. Da rarrafe ta fito da shi. Ba ta gaya wa kowa ba, amma maƙwabci ya hango su daga tagarsa, kuma maƙwabci a nan ba ya ganin abu ya haɗiye. Kafin a ci abincin dare waya ta kai Moncton, birnin da Corinne ke zaune.

Abin da ya kawo Corinne ranar Alhamis ke nan, da sassafe, fuskarta a kumbure don kuka da tuƙi. Gado ya samu a gidan kula da tsofaffi na cikin gari. Nas za ta zo da hantsi ta ga Alden. In sun karɓa, shi ke nan. In sun ƙi, gadon ya wuce ga na baya, su kuma su koma ƙarshen layi, kuma layin nan ba ya motsi sai wani ya mutu.

“Ba inda za shi,” in ji Verna, tana yanka biredi.

“Mama, ɗingishi fa kike yi.”

“Tsufa ne.”

“Tsufan ne ya jefa ki a kogi? Haba Mama. Ni kike ɓoye wa? In ya sake fita fa, ranar da ƙanƙara ta rufe bakin ruwa? Ku biyu zan zo in tarar.”

“Ubanki yana aikinsa. Mutumin da ke aikinsa ba a kwashe shi a kai shi wurin da za a zaunar da shi gaban talabijin da tsumma a wuya.”

“Wane aiki, don Allah?”

“Za ki gani.”

Corinne ta yi tsaki ta fita duba uban, wanda ke zaune a falo cikin rigar da aka goge masa, yana murza maɓallin hannu. Bai gane ta ba da ta shigo. Ya gaishe ta dai da ladabi, ya tambaye ta ko hanya lafiya.

Verna ta shiga ɗakin ɗauri ta rufo ƙofa. Kwalabe biyu ne a gidan, kuma ta kwana da sanin cewa yau sai ta zaɓi ɗaya. Ta farko Corinne ce ta kawo da bazara, gam na zamani da ake haɗawa da ruwa. Fari ne kamar madara, ba ya wari, ba ya kama wuta, ko yaro ya lasa ba abin da zai same shi. Yana riƙe zare, ba ƙarya. Amma in ya bushe kan sai ya fito dusu-dusu, ba haske, kai ka ce an shafa masa toka. Wannan ma da sauƙi. Abin da ya fi shi ne, in ta ajiye wa Alden wannan kwalbar sai ya riƙe allura ya yi ta kallonta, can ya ce, “Me za a yi da wannan?”

Ɗayar kuwa tsohuwar kwalbarsa ce, mai murfin da gam ya daskare a jiki, wadda warinta ke hawa kai ya sa ido ruwa. Tun ranar da Verna ta tarar ya ɗora ta a kan murhun ƙarfe, wuta na ci a ciki, ta ɗauke ta ta ɓoye bayan gwangwanayen fulawa, ta ce wa Corinne ta zubar. Ba ta zubar ba. Takan fito da ita jefi-jefi, in kewar mijinta ta ishe ta. Domin da zarar an buɗe murfin nan warin ya bugi hancinsa, sai bayansa ya miƙe, idonsa ya dawo. Likita bai ba su maganin da ya kai wannan ba.

Ta taka kujera da ƙyar ta sauko da ita. Gam ɗin ya yi kauri don zama. Ta ɗiga masa ruwan tsinka shi kaɗan-kaɗan, tana juyawa da allura, tana gwadawa a farcen babban yatsa, yadda ta ga yana yi tsawon zamansu. In ya yi kauri zai zauna a sama bai shiga zare ba, in ya tsinke zai gudu ya jiƙa gashi. Da ta ga ɗigon yana rataye a bakin allura bai faɗi ba, ta rufe. Sannan ta zauna ta ɗaura ƙuda ɗaya, baƙi mai kore a gindi, wanda ya fi so. Ta zuba masa duk abin da ta iya. Ta yi masa kai ɗan ƙarami, tsaf, ba zare ko ɗaya da ya hau wani.

Akwai wani abu da take yi watannin nan wanda ba ta taɓa tsayawa ta kalle shi ba. Duk sanda Alden ya sa ɗigo, hannunta na kusa. Kafin ya ajiye allura ta ɗauke ƙudan ta kai bayan labule, ta miƙa masa wani. Takan ce wa kanta saboda ƙura ne.

Nas ɗin ta iso da hantsi. Paulette sunanta, mace mai jiki da fara’a, ’yar ƙauyen da ke ƙetaren gada, ta san dangin Verna kaf. Ta cire takalmi a ƙofa ba a ce mata ba, ta sha shayi, ta ci biredi da maɗin rake, ta yaba. Sannan ta jawo kujera gaban Alden.

“Baba, ina kwana? Ka gane ni kuwa? Jikar Aurèle ce, mai injin katako.”

“Aurèle,” in ji Alden. “Yana nan lafiya?”

“Ya riga mu, Baba, da daɗewa. Wane lokaci muke ciki yanzu, ka san?”

Ya kalli taga. Itatuwa sun zubar da ganye, sama ta yi toka-toka.

“Ƙanƙara ta kusa tafiya,” ya ce. “Baƙi na nan tafe. Ban ma shafa wa kwale-kwale fenti ba.”

Ta tambaye shi sunan garin, ya yi murmushi. Ta nuna Corinne ta ce wace ce wannan, ya ce ai baƙuwa ce, tare suka zo ko? Corinne ta tashi ta tsaya a bakin taga ta juya musu baya. Verna na kallon kafaɗunta na rawa, ta ji haushin kowa: haushin nas da tambayoyinta na ’yan makaranta, haushin ’yar da ta gudu birni ta dawo tana kuka, har da shi da ya zauna yana murmushi ana tsiraita shi.

“Kun gama?” ta ce. “To ku taso ku ga mutum a wurinsa.”

Ta kama hannunsa ta kai shi ɗakin ɗauri, ta zaunar da shi a kujerarsa ta gefen taga. Ta ajiye ƙudan a gabansa, da allura, da soso. Sannan ta zaro kwalbar daga aljihun rigarta.

“Mama!” in ji Corinne. “Ba wannan kika ce kin zubar ba?”

“Na ce.”

Ta murɗe murfin. Warin ya cika ɗakin nan take, har Paulette ta yi tari ta kai hannu hanci. Alden ya ja numfashi. Ya sake ja. Kafaɗunsa suka buɗe, ya gyara zama, ya ɗauki kwalbar ya karkata ta a hasken taga yana duban yadda ruwan ke tafiya.

“Wa ya taɓa min gam?” ya ce.

“Ni,” in ji Verna.

“Na sani ai. Kin kusa tsinka shi da yawa, tsohuwa. Saura ƙiris.” Ya ɗaga kai ya ga mai tsaye a ƙofa, ya ɓata fuska. “Ke kuma, Kori, me ya sami idonki? Wa ya taɓa min ke? In wannan dogon banzan ne, mai wasan ƙanƙara, ki gaya min in je in same shi.”

Corinne ta dafe ƙofa. Dogon banzan shi ne mijinta yau shekara ashirin, amma ba wannan ta ji ba. Rabon da ya kira ta Kori tun kafin ta fara furfura. Ta zo ta durƙusa gefen kujerarsa tana dariya tana hawaye, ta ce, “Ba kowa, Baba. Warin gam ɗinka ne.”

“Wari! Wannan ai ƙamshi ne.” Ya juya ga Paulette. “Baiwar Allah, matso ki gani, kyauta ne. Mutane suna zaton gam ado ne. Ba ado ba ne. Kifin nan in ya kama, haƙorinsa kamar zarto yake; zare ɗaya ya tsinke a kai, shi ke nan, duk wahalar tsohuwar nan ta warware a ruwa. Na farko shi ke shiga cikin zare ya riƙe. Na biyu ya cike. Na uku ne na ’yan Boston, don su ga fuskarsu a ciki su biya.”

Paulette ta yi dariya har da riƙe ciki. Alden ya ɗauki ƙudan ta gindin ƙugiya, ya juya shi, ya ce ba laifi, wanda a bakinsa babban yabo ne. Ya tsoma allura. Hannun da ba ya iya kai cokali baki sai ya zubar, ga shi nan tsaye cak. Ɗigon ya taɓa zare, ya zagaye kan da kansa, ya tsaya daidai inda ya kamata, bai kai ga ido ba, bai kai ga gashi ba. Verna ta ji ƙirjinta ya cika. Ta so a ce duk bakin kogin na tsaye a ɗakin.

Ta miƙa hannu za ta ɗauke ƙudan.

“Mama, bar shi,” in ji Paulette a hankali, ta taɓa mata gwiwar hannu. “Zauna ki huta. Bari mu ga yadda yake yi shi kaɗai.”

Ba yadda Verna za ta yi. Ta koma kujerarta ta ɗayan gefen tebur, ta haɗa hannuwa a cinya.

Alden ya soke ƙudan a soso, ya goge allura a wandonsa, ya juya yana ba Paulette labarin wani likita daga Boston da ya kama kunnen kansa da ƙugiya. Labarin ya tafi daidai har tsakiya, sai ya tsinke. Idonsa ya zagaya tebur ya sauka a kan soso.

“Af,” ya ce. “Ga wani ba a sa masa ba.”

Ya zare shi. Ya tsoma allura. Ya ɗora ɗigo a kan wanda ko daɗewa bai yi ba, balle bushewa. Shi ma wannan ɗigon ba abin da za a ce da shi, da kyau aka ɗauko shi, da kyau aka ajiye. Ya mayar da ƙudan soso. Ya tambayi Corinne makaranta. Kafin ta amsa ya waiwaya.

“Tsohuwar nan, sai ta yi ta tara min aiki.”

Ya sa na uku. Verna na kallo. Aikin Alden bai taɓa zama ɗigon ba. Ɗigo kowa ma zai koya. Aikin shi ne jiran da ke tsakani, ka san ka sa, ka san yaushe, ka bar shi ya sha iska. Hannun ne ya dawo, da bakin, da barkwancin. Wanda ke tuna abin da hannun ya yi ɗazu bai dawo ba. Kuma ta gane, tana zaune a nan, cewa ta daɗe da sanin haka, tunda ga hannunta a cinya yana ƙaiƙayin ya kai ɗauki.

Da ya sa na huɗu, kan ya kumbura ya yi tulu. Gam ɗin ya rasa wurin zama, ya gangara gaba a hankali ya cika idon ƙugiyar, ya gangara baya ya shiga gindin gashin, gashin ya kwanta ya manne. Ƙudan ya mutu. Ba zaren da zai shiga wannan idon, ba kifin da zai kalle shi. Amma a hasken taga sheƙi yake yi fiye da kowane ƙuda da aka taɓa yi a gidan.

“Kai!” in ji Paulette. “Kamar dutsen zobe. Ni ban taɓa ganin hannu irin wannan ba a masu ciwon nan, gaskiya.”

Corinne ta share ido da bayan hannu. Ta girma a gidan nan, amma ba ta taɓa zama a teburin ba. Tun tana ƙarama warin ke sa mata ciwon kai. Ta dubi uwar, muryarta ta yi laushi.

“Mama, ban san haka yake ba in yana nan. Wallahi ban sani ba. A can ba za su bar shi da wannan kwalbar ba, ko?”

“A’a,” in ji Paulette. “Abin da ke kama wuta ba ya shiga. Doka ce.”

“To in an raba shi da ita…” Corinne ta kasa ƙarasawa. “Wataƙila na yi gaggawa. Wataƙila zuwa bazara. Zan riƙa zuwa duk ƙarshen mako, in titi ya yi kyau.”

In titi ya yi kyau. Verna ta san titin Moncton a watan Janairu, kuma ta san ’yarta. Sai a lokacin ta gane irin faɗan da ta shirya. Ta shirya shi ne don a kayar da ita. Ta so ta yi ihu, ta yi rantsuwa, ta tare ƙofa, su kuma su fi ƙarfinta su tafi da shi, ta zauna ta yi kuka da hujjar cewa ba ita ta ba da shi ba. Sannan ta kwanta ta yi barci. Allah ya sani barcin nan take so, har kunyar yadda take son sa take ji. Ga shi ta yi faɗan da kyau fiye da kima, abokan faɗan sun ajiye makami.

Paulette ta gyara zama. “Ni dai a wurina, Mama, ya cancanci gadon, ba tantama. Amma ba a tilasta wa kowa. Ke kike kwana da shi, ke kika san aikin nan. Mu ido kawai muke da shi. Abin da ya yi yanzu, daidai ne? Yana cikin hankalinsa in yana yi?”

Magana ɗaya ce. Da Verna za ta ɗauki ƙudan ta nuna musu idon, ta ce ku duba, shi ke nan. Ta buɗe baki. Sai Alden ya ɗaga ƙudan sama tsakanin yatsu biyu, ya miƙo shi ƙetaren tebur saitin fuskarta, yana murmushin nan nasa na gefen baki, na mutumin da ya san ya iya.

“Ya kika gani, tsohuwa? Akwai gyara?”

Tun da take ba ta taɓa jin wani ya kushe kan da Alden ya sa wa gam ba. Baƙi masu kuɗi sun kushe abincinta, sun kushe gadajen masaukin baƙi, sun kushe kogin kansa da kifi ya ja baya. Wannan kaɗai ne ba a taɓa ba. Kuma ita za ta fara, a gaban jikar Aurèle, yana kallonta da idon da ya gane ta?

“Ba gyara,” ta ce. Muryarta ta fito daidai, abin ya ba ta mamaki. Ta juya ga Paulette. “Haka ake yi. Ba wanda ya iya kamarsa.”

Paulette ta ɗan dube ta, ta dubi ƙugun da take dafewa, kamar za ta ce wani abu. Sai ta miƙe. Ta fita baranda ta buga waya, ana jiyo ta tana cewa a ba na baya gadon, wata tsohuwa ce daga can sama da kogi. Corinne ta rungume uwar ta ce ta yafe mata, ta sumbaci uban a ka. Ta so ta kwana, amma akwai aiki gobe, ga yara, ga an ce dusar ƙanƙara na tafe da yamma. Verna ta naɗe mata sauran biredin. Ta tsaya a ƙofa har motocin biyu suka hau titi, ta ɗaga hannu yadda ake yi. Ƙafarta ta so ta bi su, amma ba ta motsa ba.

Da ta koma ɗakin, ƙudan ya zama dunƙulen baƙin abu, gashin ma ba a gani. Gam ya zubo a yatsunsa, ya ɗiga a tebur. Ƙarfin warin ya fara sakinsa, kamar yadda yake yi kullum in hanci ya saba. Kafaɗun sun fara komawa. Ya ajiye allura ya dafa tebur zai tashi, idonsa na kan hanyar fita.

“Zauna,” ta ce. “Akwai saura.”

“Akwai?”

“Da yawa.”

Ya koma ya zauna yana jira, hannu a kan gwiwa. Muddin akwai abu a gabansa zai zauna, wannan kam ta sani. Ta ja kujerarta, ƙugun na sukarta, ta matse ƙugiya a bakin ƙarfe. Ta kai hannu ga gashin zakara, sai ta ga ya sake kallon ƙofa. Ba lokaci. Ta bar gashin. Ta naɗa baƙin zare a wuyan ƙugiyar tsirara, sau nawa ma ba ta duba ba, ta ƙulle shi a karkace, ta yanke. Ba jiki, ba fiffike, ba wutsiya. Ko yaron da ya fara koyo jiya ba zai yarda a ga wannan a hannunsa ba. Ta tura masa gefen tebur.

Alden ya ɗauka ta gindi, ya juya shi a hasken taga, ya daɗe yana dubawa. Verna ta roƙi Allah ya jefo mata shi, ya ce wannan wane irin iskanci ne, tsohuwa, kin makance ne?

“Kai, wannan ya yi kyau,” ya ce. “Wa ya ɗaura?”

Ya tsoma allura. Verna ta jawo kwalin ƙugiyoyi kusa da ita, ta zaro wata ta matse a ƙarfe.